Yaƙin Da Aka Yi A Bakin Gimbiya Tasalla

A wani zamani mai tsawo, tun aljanu na cin kasuwa ɗaya da mutane, an yi wani sarki a Birnin Tsabga mai suna Barmo, mutum mai tsananin ƙyanƙyami, wanda ko inuwar ƙuda ce ta gifta akushinsa sai an ƙone akushin. Wata rana bokansa ya shaida masa cewa a bakin 'yarsa, Gimbiya Tasalla, akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Sarki ya tofar da yawu, ya ce a ba ta ruwan tsafin da zai kashe su kaf. Aka ba ta. Ba a jima ba harshenta ya yi fari fat kamar an yaɓa masa ruɓaɓɓen cuku, wari na tashi, ko ruwa ba ya wuce maƙogwaronta. Da sarki ya ga za ta mutu, ya sa aka yi shela: wanda ya warkar da ita, shi ne mijinta.

Sai ga Jatau, ɗan Sarkin Dutsen Gauraka, ɗauke da tandun kwallin da ya gada wurin kakarsa aljana, wanda duk ya zizara shi sai ya fi ƙura ƙanƙanta. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya zizara, ya hau ludayi, aka kai shi bakin gimbiya.

Wayyo, abin da ya tarar! Yauƙi har gwiwa. Fararen aljanu dunƙule-dunƙule sun rufe ko'ina, kowanne na tsiro da ɗa a kwiɓinsa kamar maruru, ɗan ya ɓalle ya tsiro da nasa. Dogaran jikin gimbiya, masu manyan tumbuna, suna haɗiye su da rai, amma sai aljani ya miƙe ya zama zare a cikin tumbin, ya huda shi ya fito. Wasu dogaran kuwa da kansu suke farke cikinsu, su jefa hanjinsu kamar taru su kama abokan gaba, su mutu a kansu, gawarwakin su narke su zama mugunya. Jatau ya toshe hanci.

Shugaban dogaran, wani tsoho mai suna Haɗiyau, ya ce, "Ɗan sarki, waɗannan 'Yan Fumfuna ne. Tun haihuwar gimbiya suna nan rakuɓe a lungu, domin talakawan garin nan masu tsami sun cike kowane gida, ba su bar musu masauki ba. Sarki ya kashe talakawa, ya bar wa ɓarayi kango. Mu muna ƙarewa. A dawo mana da talakawanmu."

"Baba, ina zan same su?"

"A ƙwaryar kindirmo."

Gimbiya ta yi kaki, ta tofo Jatau cikin kasko. Ya goge kwalli, ya koma girmansa, ya tsaya gaban sarki jagab, fadawa na ja da baya.

Da sarki ya ji maganin sai ya ce, "Nonon da ya kwana ya lalace za ka ɗura wa 'yata?"

Jatau ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, tsabtarka ce ta kwantar da ita. Ko ta sha abin da kake ƙyama, ko ka sa a haƙa kabari."

Sarki ya rufe hanci da bakin rawani, ya juya wa bango fuska, ya ce, "A ba ta."

Ta sha, ta ƙara. Talakawa suka koma gidajensu, dogarai suka samu sarari suka fatattaki 'Yan Fumfuna, harshe ya koma ja. Aka ɗaura aure.

Ran walima Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, me ka gani a cikin bakina?"

Jatau ya ce, "Lu'ulu'u da murjani, gimbiya," ya ture akushinsa gefe.

'Yan Fumfuna kuwa ba su ƙare ba, lungu suka koma. Ƙurunƙus. Kai da kake yamutsa fuska, naka suna nan ƙarƙashin harshenka.