Sunan da Ke Ƙarƙashin Gada

Ku gyara zama, ga wata gardama da nake so ku raba mini.

A wani gari da ke kan hanyar Jos akwai wata tsohuwa, Hajiya Turai. Ubanta magini ne ɗan Italiya, cikin waɗanda suka zo aikin gada zamanin Turawa. Ya auri uwarta, ya tafi wani aiki tana 'yar wata uku, bai dawo ba. Ko sunansa ba wanda ya riƙe, Mai Siminti kawai ake ce masa. Gadon da ya bar mata cokalin gini ne, da dogon hanci, da gorin 'yan unguwa cewa ubanta ya gudu.

Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta tara 'ya'yanta uku ta ce, "Ina tsoron in mutu da fushin ubana a zuciya. Amma ba zan yafe abin da ban sani ba."

Babban, Ilu, ya bi ƙauyuka har ya gano wani tsohon magini da ya yi aiki da Baturen. Kwana uku yana sauraron labarin ciwon gwiwa, kafin tsohon ya tuna cewa Mai Siminti ba ya gama aiki sai ya rubuta sunansa da ƙusa a ɗanyen siminti, inda ido ba ya kai wa.

Na biyun, Hashimu, ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ƙarƙashin tsohuwar gadar garin, ga damina ta yi nisa, ruwa iya ƙirji. Jemagu ba su yi maraba da shi ba. Ya lalubo rubutun, ya shafa gawayi a takarda ya kwafo: Gino Maraldi.

Auta, Rakiya, malamar makaranta, ta ɗauki sunan ta yi ta aika wasiƙu coci-coci. Wata biyar shiru, sai wani fada, limamin coci, ya amsa daga littafin binne matattu. Ciwon shawara ne ya kashe mutumin kwana goma sha ɗaya da barinsa gida. An rubuta cewa ya yi ta roƙon a kai saƙo ga matarsa da jaririyarsa, amma ba wanda ya gane garin da yake nufi.

Hajiya ta sa aka karanta mata sau biyu. Sa'annan ta ce, "Ashe mutuwa ya yi. Alhamdu lillahi."

Da wuya a taɓa karɓar labarin rasuwa da irin wannan kwanciyar hankali. Ran nan ta ci tuwo malmala biyu, ta kuma tambaya ko masu gorin nan akwai wanda ya rage da rai. Babu.

Yanzu ta ciro cokalin ginin daga ƙasan adaka, tana so ta ba wanda ya sauke mata wannan kaya. Ba don Ilu ba, ba a san inda za a duba ba. Ba don Hashimu ba, ba suna. Ba don Rakiya ba, sunan zane ne kawai a siminti.

To, cokali ɗaya ne. A hannun wa za ta sa shi?