Kurmin Kanya da Taron Manya

Yara, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

An yi wani kurmin kanya da namun daji suka ci har ya kusa ƙarewa. Giwa ta ce a bar shi ya huta damina uku. Dila, malamin daji, ya ce shi zai tsara gadi. Ya kira Raƙumin Dawa, ya kira Jimina, ya kira Ɓauna.

Kurege, mai gida a bakin kurmin, ya zo ya ce, "Ina da magana."

Dila ya ce, "Taron manya ne, kauce!"

Aka kewaye kurmi da ƙaya. Masu gadi suka miƙe wuya suna hangen nesa. Ashe Dila ya san wani tsohon ramin dabgi da ya ratsa ƙarƙashin shinge. Da rana tsaka sai ya sulale, ya cika ciki.

Kanya tana ta raguwa. Kurege ya dawo, "Ina da magana."

"Taron manya ne, kauce!"

Ran nan Giwa ta fusata. Dila ya yi wuf ya ce, "Ranki ya daɗe, ɓarawo a bakin kurmi yake. A kori Kurege da iyalinsa."

Kurege ya dubi iyalinsa. 'Ya'ya bakwai, ina zai kai su? Sai ya haye kututture ya ƙwala, "Ranki ya daɗe, ina da magana!"

Giwa ta ce da Dila, "Malam, bar shi ya faɗa."

Kurege ya ce, "Masu gadinki sama suke kallo, ɓarna kuwa a ƙasa take. A bar mu, mu ƙanana, kowa ya tsare ramin ƙofar gidansa."

Giwa ta yarda. Kurege ya raba ramuka a gaban kowa, amma bai ambaci na dabgi ba. Wannan kam, cinnaku ya raɗa wa a kunne.

Dila ya ce a ransa, "Sun manta nawa!" Washegari ya kutsa.

Cinnaku suka ce, "Malam, sannu da zuwa!" Suka dafe shi.

Ya faso cikin kurmi yana tsalle yana ihu. Jimina ta leƙo ta ce, "Kai, Malam, yaushe ka koyi rawa?"

Aka sa Dila shuka ƙwallon kanya har damina uku. Kurege ya zauna a gidansa, kuma ba a sake yin taro babu ƙanana ba.

To yara, daji na kowa ne. In za a tsare shi, a ji ta bakin mai kwana kusa da shi.

Kurunkus kan kusu! Mai gyangyaɗi ya tambayi na kusa da shi.