Wandon Mai Unguwa da Karkatacciyar Sanda

Ku yi shiru mana, ko in kama bakina! Dalilin da ya sa ƙaramar sandar nan mai raba sunaye a adireshin fayil take kwanciya hagu a wata kwamfuta, a wata kuma dama, rigimar wa da ƙani ce.

A da can, a tsaye take ƙyam. Sai aka yi wasu maƙeran kwamfuta, Sambo da ƙaninsa Jatau. Sambo bahago ne, in ya ja sanda sai ta kwanta hagu. Jatau ya ce wannan ai shirme ne. Ya kwantar da tasa dama, ya ɓalle ya gina rumbun ajiya can a gajimare, inda ba a sanin kowace sanda sai tasa.

To, akwai wani tela, Malam Tanimu, da ke ajiye awon mutane a kwamfutar Sambo. Ana jibi Sallah, sai rawar kai ta sa ya kwashe komai ya kai rumbun Jatau. Da ya tashi yanka wandon Mai Unguwa, ya rubuta adireshin awon yadda ya saba, sanda hagu. Rumbu ya ce bai san wannan gida ba. Ya sake, har da bismillah. Ko gezau.

Kunya ta hana shi komawa ya sake auna babban mutum, sai ya yanka da ido. Bawan Allah! Ni har yanzu tausayinsa nake ji. Mai Unguwa ya je Idi da wando iya gwiwa, babbar riga ma ta kasa rufa masa asiri.

Ana saukowa daga Idi ya tuhumi Tanimu, da ya ji tushen matsalar sai ya sa aka kira Sambo da Jatau, ya ce ɗaya ya bi tsarin ɗaya. Kowanne ya rantse gara ya bar sana'ar. Mai Unguwa ya dubi ƙwaurinsa, ya ce, "To, kowa ya riƙe sandarsa. Amma daga yau kada ɗan Adam ya ƙara jan ta da hannu."

Dole suka ƙera wani ɗan jagora cikin na'ura. Ka ba shi sunayen kawai, shi zai duba gidan wa ake, ya kwantar da sandar yadda masu gidan suke so.

Shi ya sa har yau sandunan ba sa ga maciji da juna, mai hankali kuma jagora yake bar wa aikin. Jikokin Tanimu kuwa suna nan bakin kasuwa, labule kawai suke ɗinkawa. Ba mai kai musu wando.