Aibin da Merv Ya Ƙaga wa Ƙafar Rylan

An yi wani mutum a nan lardin Saskatchewan, ya 'yan uwa, wanda Allah ya yi wa baiwar ido. Sunan gidansu ba zan faɗa ba, don yana nan da ransa kuma yana da 'ya'ya. Merv ake kiransa. Shekara shida muna maƙwabtaka da shi, ƙofa na kallon ƙofa, kuma da bakinsa ya ba ni wannan labari, ya ce in faɗa wa duk mai kunnen ji.

Sana'arsa farautar 'yan wasan hoki. Wata babbar ƙungiya ce ta ɗauke shi ya riƙa bin ƙananan garuruwa cikin sanyi, ya zauna a filayen ƙanƙara, ya duba samari 'yan shekara sha bakwai, sha takwas, ya rubuta rahoto: wannan zai kai, wannan ba zai kai ba. A watan Yuni ake zaman zaɓe, ƙungiyoyi su yi ta ɗiban samari bi da bi har zagaye bakwai. Wanda aka kira sunansa, ƙofa ta buɗe masa. Wanda ba a kira ba, sai ya fara tunanin gona ko rijiyar mai. Shekara talatin da ɗaya Merv yana wannan aiki.

Jama'a in sun shiga fili, 'yar baƙar ƙwallon nan suke bi da ido. Shi kuwa ƙafar yaro yake kallo, da wuyansa. Zai hau can ƙuryar sama da kofinsa, ya ga yadda yaro ke gudu da baya, yadda yake juyawa in an taho masa a guje, ko ƙarfen takalminsa na kartar ƙanƙara da ƙara ko yana wucewa shiru. Sannan ya ƙirga sau nawa yake waiwaye kafin ƙwallo ta iso gare shi. Yakan ce yaron da ba ya waiwaye, ko gudun barewa gare shi, makaho ne. In Merv ya ce yaro zai kai, to a je a ɗinka masa riga kawai.

Wata Lahadi da rana, cikin Nuwamba, ya shiga wani ƙaramin gari a arewa don ya duba wani ɗan gaba da ake ta zuzutawa. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan baya mai lamba huɗu, Rylan, ɗan wani direban motar katako da ake kira Armand. Yaron ba ya zura ƙwallo a raga, ba ya dambe, don haka ba wanda ya damu da shi. Amma tun ƙwallo na nesa zai waiwaya sau biyu, hagu da dama. Duk inda haɗari zai ɓullo, sai ka tarar ya riga ya tsaya a wurin kamar an raɗa masa. Juyinsa kuwa, ta hagu ko ta dama, duk ɗaya ne, ba ka jin ko ƙas. Merv ya ce mini ranar kofinsa a hannu ya huce, bai ko kurɓa ba.

To, masu wannan sana'a suna da wata al'ada da suke kira ɓoye yaro. In ka ga irin wannan a lungu, ba ka so sauran mafarauta su farga, don ƙungiyarka ta ɗauke shi a zagayen baya-baya, a ce wane ya tsinci dami a kala. Yadda ake yi shi ne ka ja bakinka ka yi shiru, ka daina zama inda za a gan ka, in an tambaye ka sai ka yabi wani. Ni ban ce wannan ma abin yabo ne ba, amma dai ba a taɓa mutuncin kowa ba. Merv ya yi wata biyu a haka.

Cikin Janairu sai ga Lorne. Shi ma mafarauci ne, na wata ƙungiya dabam, abokin Merv tun suna samari, sun sha tura wa juna mota cikin dusar ƙanƙara. Mutumin kirki ne, sai dai rediyo ne mai jini. Abin da ka faɗa masa da hantsi, kafin la'asar an ji shi har a lardin Manitoba. Ya hau ƙuryar yana haki, ya zauna kusa da Merv.

"Kai tsohuwar kura, me ya kawo ka ƙauyen nan har sau huɗu? An ce mini mai soya dankali ma ta san yadda kake son gishirinka."

"Dankalin nasu ne ya yi mini," in ji Merv.

"Ka raina wa wani hankali. Mai lamba huɗun nan ne, ko ba shi ba? Tun ɗazu nake kallonsa. Yaron nan da ido a ƙeya aka haife shi."

Merv ya ga asirinsa na shirin tonuwa. Ya 'yan uwa, a nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Mutumin nan zai iya yin shiru, zai iya cewa "kai dai ka sani." Amma sai ya hango Yuni, ya ji ƙungiyar Lorne tana kiran sunan yaron da shi ya fara gani. Ya kurɓi kofi, ya taɓe baki.

"Kan nasa ba laifi. Ƙafar ce matsala. Ba ya iya juyawa ta hagu. A nan ba a gani don yaran ba su da sauri, amma ka kai shi sama, za su riƙa bi ta hagunsa kamar ƙofar kasuwa."

"Haba dai? Ni fa ban lura ba."

"Ai shi ya sa nake Merv, kake Lorne."

Suka kwashe da dariya su biyu. Shi ke nan, magana huɗu ce ko biyar, ba ta kai minti guda ba.

Magana zarar bunu ce. Kafin wata ya ƙare, duk wanda ya hau ƙurya a filin garin nan, hagun Rylan yake kallo. Wane ɗan wasa ne ba ya sulɓewa sau ɗaya a wasa? Da ba wanda ke ƙirgawa. Yanzu kuwa duk sulɓewa sai an sunkuya an rubuta, ana gyaɗa kai, ana cewa lallai tsohon bai yi kuskure ba. Kun san abin da ya ba ƙaryar nan ƙafa? Daga bakin mai gaskiya ta fito. Da wani sananne ne wajen shaci-faɗi ya faɗa, da ta mutu a nan ƙuryar. Gaskiyarsa ta shekara talatin ya ɗaura mata sirdi, ta hau ta yi gaba.

Shi kuwa Merv har murna yake. Ya rubuta wa ƙungiyarsa rahoto mai kyau a kan Rylan, bai gaya wa kowa dabarar da ya yi ba, don yana son yabon ya zama nasa shi kaɗai. Ya kuma ɗauke ƙafa daga garin gaba ɗaya, kada a gan shi a yi zargi.

Yuni ya zo. Suna zaune a teburin ƙungiyarsu, aka shiga zagaye na biyar, ba wanda ya taɓa Rylan. Merv ya taɓa hannun Dwight, shugaban da ke kiran suna.

"Lokaci ya yi. Rylan."

Dwight ko ɗago kai bai yi ba. "Tun Afrilu na cire shi."

"Ka cire wa?"

"Ƙungiya biyar sun gaya mini ba ya juyawa ta hagu. Na sa an haɗo mini hotunan wasanninsa na Maris, na gani. In an bi ta can ɗari-ɗari yake yi."

Agogon zaɓe na tafiya, mintuna kaɗan ake bai wa kowace ƙungiya. Merv ya sunkuya ya ce, "Ka saurare ni. Ni na ƙaga maganar nan. Ni na faɗa wa Lorne don a bar mana shi. Na rantse maka ƙafarsa lafiya lau take."

Dwight ya dube shi, ya yi 'yar dariya. "Dattijo, son yaron nan har ya kai ka kira kanka maƙaryaci? To ɗaya ne cikin biyu: ko ka yi ƙarya a Janairu, ko yanzu kake yi. Ni dai na ga hoto da idona." Ya miƙe ya kira wani suna.

Subhanallahi! Ranar da ya yi ƙarya kowa ya yarda, ranar da ya faɗi gaskiya aka yi masa dariya. Aka gama zagaye bakwai. Can arewa Rylan da ubansa suna zaune a falo, waya na kan tebur, har rana ta yi sanyi ba ta yi ƙara ba.

Mutum shida ne a teburin nan, kuma duk sun ji. Sati bai zagayo ba Lorne ya bugo.

"Merv, da shiru ka yi mini, da na gane, sana'a ce. Amma ka dubi tsabar idona ka sa ni dariya. Na je gaban maigidana na ce a cire yaron, na ce ai Merv ne ya faɗa. Kada ka ƙara kiran lambata."

A Agusta ƙungiyarsa ta ce masa an gode. Ya nemi wasu, kowa ya ce za a neme shi. Wa zai ɗauka? Mafarauci me yake sayarwa in ba maganarsa ba?

Duk da haka bai fid da rai ba, don yaron yana da sauran zaɓe a gaba. Ya ce zai je ya gyara ɓarnar da ya yi. Cikin Oktoba ya tuƙa mota awa huɗu zuwa garin, ya tsaya a layi ya yanki tikiti, abin da rabonsa da yi tun yana saurayi. Ya hau ƙurya, mafarauta biyu da ke wurin suka ɗauki kofinsu suka koma wancan gefe.

Aka fara wasa. Abin da ya gani, ya ce mini gara da makanta ta same shi a hanya. Rylan ya daina waiwaye. Kansa a ƙasa, ƙafarsa yake kallo. In an taho masa ta hagu sai ya ɗan tsaya kamar mai lissafi, sannan ya juya, ƙarfe na kartar ƙanƙara har ana ji daga sama. Wani lokaci ma sai ya zagaya ta dama don ya kauce wa juyin. Sau uku aka bi ta hagunsa aka wuce, biyu suka shiga raga.

Da aka tashi, Merv ya jira shi a bakin ɗakin sauya kaya. Yaron ya fito da jaka a kafaɗa, ya gane shi, ya yi saurin miƙa hannu.

"Baba Merv! An ce kai ne ka fara gano matsalata. Na gode ƙwarai. Tun Fabrairu koci ya gaya mini, tun lokacin nake fama. Duk hutun bana babana birni yake kai ni wajen wani malami, sau uku a mako, ya sauya mini yadda nake taka ƙafa. Ban gama kamawa ba tukuna, amma ina ƙoƙari."

Merv ya ce da mari yaron ya kwaɗa masa, da ya fi masa sauƙi. Ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, ba ka da wata matsala. Ba ka taɓa yi ba. Ni na ƙaga ta, don in ɓoye ka. Ban taɓa ganin mai juyi irin naka ba."

Yaron bai zage shi ba, bai yi kuka ba. Ya sauke jakar a hankali, ya ce, "To Baba, yaya nake yi a da? Kai ka gani. Tuna mini."

Merv ya buɗe baki. Me zai ce? Shi gani ya iya. Ya san abin yana da kyau, amma bai san yadda ake mayar da shi ba.

"Da ba na tunani," in ji Rylan. "Ƙafar ce ke yi da kanta. Yanzu ko a mafarki sai na tsaya na yi tunani." Ya ɗauki jakarsa ya fita inda ubansa ke jira a mota.

Bai kai ƙarshen shekarar ba ya ajiye sandar hoki. Yau yana aiki a mahaƙar gishirin taki, ƙarƙashin ƙasa. Merv ya rubuta masa wasiƙa uku, ba amsa. Shi ma tun daga ranar bai ƙara taka filin ƙanƙara ba. In jikokinsa suka kunna wasa a talabijin, sai ya tashi ya koma kicin. Na sha tarar da shi a can zaune, hannu a haɓa. Da na sani ƙeya ce.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce wannan ai labarin masu hoki ne, ba ruwanmu. Da ruwanku, har da tsaki. Kai da aka tambaye ka halin wane don za a ba shi aiki, ka ce "yana da kirki, amma...", alhali ka san ƙaninka kake wa tanadin gurbin, me ya raba ka da Merv? Ke da kika ce wa 'yar maƙwabciya ba ta da kan karatu, don kada ta wuce taki, kin san inda maganar ta sauka? Muna cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ga mai ita ne ba ta yi. A jikin wanda aka yi wa, tana yi, har ta yi jijiya.

Shaida amana ce, kuma gwargwadon yadda aka yarda da kai, gwargwadon nauyin da ke kanka. In kuɗin mutum ka ci, kana iya biya. Wannan bawan Allah ya yi nadama ta gaske, ya rasa aiki, ya rasa aboki, ya je da ƙafarsa ya faɗi gaskiya. Amma abin da ya ɗauke wa yaron nan, da ya zo mayarwa, bai same shi a hannunsa ba.

Allah ya kiyaye mu da sharrin harsunanmu. Allah kada ya sa mu zama sanadin rushewar ɗan wani. Wanda muka ɓata da baki, da kuskure ko da ganganci, Allah ya ba mu ikon neman yafiyarsa tun ana iya gyarawa. Amin.