Firintar da Aka Kai Ƙurya

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wani mutum, manomi, wanda ya tsufa yana zaune shi kaɗai. Matarsa ta riga shi komawa wurin Ubangiji. 'Yarsa guda ɗaya kuma, Afiniki, tana aure a wani birni mai nisa, inda take aikin jinya. Da shekaru suka taru, kunnensa ya yi nauyi. Idan ta kira shi a waya sai ta yi ta ɗaga murya, shi kuwa yana ta "Na'am? Na'am?" har su gaji su ajiye. Idonsa ma ba ya iya ganin ƙananan rubutun waya. Amma in aka rubuta da manyan baƙaƙe a kan farar takarda yakan karanta tsaf, gama ya shekara talatin yana karanta nassi a sujadar Lahadi.

Wata Kirsimeti Afiniki ta zo gida da kaya biyu. Na fari ɗan ƙaramin akwati ne mai ƙyafta koren ido, wanda ke kamo saƙo daga iska. Na biyu kuwa firinta ce, injin nan da ke buga rubutu a takarda. Ta sa aka kafa faifan sola a kan rufi, ta rataye ɗan akwatin a bangon ɗakin da ke bakin ƙofa, ta ajiye firintar a kan tebur a ƙarƙashinsa. Babu wayar da ta haɗa su biyun, amma suna jin juna.

Ta matso kusa da kunnensa ta ce, "Baba, duk Asabar zan rubuto maka. Kai dai ka bar su nan kusa da juna, ka riƙa zuba takarda."

Ya ji, ya kuma gyaɗa kai. Amma kun san halinmu mu tsofaffi da 'ya'yan da muka haifa: muna jinsu ne da kunne ɗaya. A ransa ya riga ya yanke cewa ta cikin wayar wuta maganar ke biyowa, don ita ce kaɗai idonsa ke gani.

Haka aka yi ta yi. Kowace Asabar da hantsi, yana zaune da ƙwaryar kunu, sai firintar ta motsa da kanta, ta ja numfashi, ta turo takarda. Takardar takan fito da ɗumi, sai ka ce waina daga tanda. Yakan riƙe ta a tafinsa tukuna kafin ya karanta, yana cewa a ransa ɗumin hannun 'yarsa ne bai huce ba a hanya. Ya karanta sau ɗaya don ya ji labari, ya sake karantawa don ya ji muryarta. Sa'an nan ya rubuta amsa da hannu, ya ba direban motar da ke zuwa ran kasuwa ya kai mata. Duk mako yana da abin jira, mutumin da ke da abin jira kuwa ba ya jin nauyin kwanaki.

Ana nan sai wata gwauruwa mai suna Keziya ta kafa injin niƙa a jikin katangarsa. Tun daga safe mata ke kawo masara da dawa. Gari mai laushi ya riƙa tashi yana shiga ta taga. In rana ta leƙo ɗakin, sai ka gan shi yana yawo a cikin hasken a hankali, yana sauka a kan tebur, a kan kujera, a kan firintar. Tsohon ya shafa yatsa a bayanta, ya ga ya bar layi. Ransa ya ɓaci ƙwarai, gama ba shi da abin da ya fi ƙauna a gidan.

A ƙauyen nan kuwa abu mai daraja ba ya zama a bakin ƙofa. Ƙurya ake kai shi. Can ake ajiye tufafin Lahadi da takardar baftisma da kwanonin aure. Sai ya ce, "Zan girmama kyautar 'yata." Ya rungumi firintar, ya ratsa tsakar gida, ya wuce rumbu, ya shiga ɗakin marigayiya matarsa, ya wuce har ƙurya. Ya ɗora ta a kan akwatin ƙarfe, ya lulluɓe ta da zanen matar mafi kyau. Ya sa aka jawo doguwar waya daga bakin ƙofa har can. Da ya ɗaga zanen ya ga 'yar fitilar firintar ta kama, sai ya yi murmushi ya ce komai ya yi daidai. Tsakaninta da ɗan akwatin nan kuwa yanzu akwai bangon ƙasa uku masu kauri da rumbu cike da dawa.

Asabar ta zo. Ya ɗauki kununsa ya shiga ƙurya, ya zauna a cikin duhu-duhu yana jira. Fitila tana ci, takarda ba ta fito ba. Ya ce aiki ne ya yi mata yawa. Asabar ta biyu ta zo ta wuce. Ya ce wataƙila ba ta jin daɗi. Ta uku ma haka.

A kwanakin nan, in ya kishingiɗa da rana a inuwar mangwaro, barci kan ɗauke shi ya yi ta mafarki iri ɗaya. Yakan ga fararen takardu suna tahowa daga gabas, suna bin saman gonaki kamar balbelu. Su iso kan gidansa, su yi ta zagaya rufin, su sauko har su kusa taɓa ƙasa, su sake tashi. Yana miƙa hannu, ba ya kaiwa. In ya farka sai ya tarar da ƙarar injin Keziya da gari a kan girarsa.

Jira ya koma damuwa, damuwa ta koma fushi. Ya ce, "Ta gaji da ni. Ta sami mutanen birni." Da direba ya tsaya ran kasuwa ya ce, "Baba, ina wasiƙa?" sai ya kaɗa masa hannu ya wuce. Shi a ganinsa uba ba ya bin 'ya da roƙo. Amma da yamma yakan zauna a ƙofar gida yana kallon hanyar birni har hasken ya ƙare, zuciyarsa tana ciwo. Bai gaya wa kowa ba.

Da aka yi Asabar bakwai sai ya yanke shawara. Zai mayar mata da kyautarta. Kun kuwa san abin da ake nufi in uba ya mayar wa 'yarsa da abin da ta ba shi: ya ce ke nan babu sauran magana a tsakaninsu.

Ran kasuwa da safe ya shiga ƙurya ya yaye zanen. Ashe garin ya bi shi har can. Ya shiga ta ƙarƙashin zane, ya kwanta a kowane lungu, ya fi na bakin ƙofa yawa, don a nan babu mai gani balle ya share. Zanzaro ma ya gina ɗakinsa na laka a inda takarda ke fitowa. Tsohon ya ce, "Ba zan mayar da ita da datti a ce ban iya riƙon amana ba." Ya zare waya, ya kawo ta ɗakin bakin ƙofa ya ajiye a kan tsohon teburinta. Ya ɗebo ruwa a bokiti, ya kawo sabulu da soso, yadda yake wanke kekensa.

Keziya ta hango shi ta taga. Ita kuwa tana budurwa ta taɓa aiki a shagon buga takardu a birni. Ta bar injinta yana ci ta shigo da gudu, ta riƙe hannunsa.

"Haba Baba! Kashe ta za ka yi? Ba a yi wa wannan wanka!"

Ya ce, "Ai garinki ne ya ɓata ta."

Ta ce, "Na ji, laifina ne. Zauna ka gani."

Ta fara duba cewa babu wuta a jikinta. Ta nemo tsohon ƙyalle mai laushi, busasshe, ta riƙa shafawa a hankali. Ta ɓamɓare ɗakin zanzaron da yatsa. Ta fita ta tsinto gashin kaza, ta bi 'yan ramukan da iska ke shiga tana kaɗo garin waje. Tsohon ya kumbura kumatu zai hura mata, ta ce a'a, iskar baki tana da laima, za ta mai da garin ƙullu. Ya ce to a ɗiga mata man da yake sa wa sarƙar keke, ta ce wannan ma a'a. Inda ba ta sani ba a can ciki, ba ta tura hannu ba. Ta cire takardun da suka yi ƙura ta zuba sababbi. Aikin ya ɗauki lokaci, har direba ya iso yana danna hon a waje.

Keziya ta ce, "Kafin ka ba shi, bari mu ga ko tana da rai." Ta jona wuta.

Fitilar firintar ta kama. A bango ɗan akwatin yana ta ƙyafta koren idonsa, yadda ya yi ta yi mako bakwai ba wanda ya kula shi. Sai firintar ta motsa, ta ja numfashi, ta turo takarda. Kafin tsohon ya ɗauka, ta turo wata. Ta turo wata kuma. Suka yi ta fitowa suna zamewa daga tebur suna sauka a ƙafafunsa, har guda bakwai.

Ya tsince su ya fara karantawa. Ta fari labarin ruwan sama ne da aiki. A ta uku, da yake 'ya ba ta faɗa wa uba irin wannan magana kai tsaye, ta rubuta cewa, "Baba, addu'ar da ka shekara takwas kana yi mini, Ubangiji ya ji." Wato ta sami juna biyu. Ta bakwai kuwa gajeriya ce. Ta ce, "Baba, direba ya ce ba ka ba shi komai ba. In na yi maka laifi ka gafarta mini. Ni dai ba zan daina rubutowa ba."

Tsohon ya zauna a ƙasa ya yi kuka, bai ji kunyar Keziya ba. Da ya sami kansa ya ce a roƙi direba ya ɗan jira. Ya juya bayan takarda ta bakwai ya fara rubutu. Motar ta tashi ran nan da wasiƙa, firinta kuwa ta zauna a kan teburinta.

To, ga ma'anar misalin, 'yan'uwa.

'Yar nan da ba ta fasa rubutu ba tana nuna mana Ubangiji, wanda ba ya fasa magana da nasa. Firintar zuciyar mutum ce. Ɗan akwatin da ke bango kuwa shi ne inda Allah ya ce mu tsaya kusa: Maganarsa, da addu'a, da taron masu bi.

Ku lura, tsohon nan ba don ƙiyayya ya kai kyautar nesa ba. Don girmamawa ne. Akwai waɗansunmu da suka naɗe Littafi Mai Tsarki a cikin leda, suka sa a ƙasan akwati don kada ya yi datti, har yau fes yake kamar ranar da aka saye shi. Akwai wanda ya daina zuwa sujada don wani ɗan'uwa ya ɓata masa rai, ya ce zai riƙe bangaskiyarsa a ɗaki inda ba wanda zai taɓa ta. Fitila tana ci, gaskiya ne. Har yanzu sunanka Kirista, har yanzu kana iya waƙoƙin. Amma ka gina bango uku, sa'an nan kana cewa Allah ya yi shiru.

Ƙura kuwa tana bin mutum duk inda ya ɓuya, ta ma fi taruwa a inda ba a dubawa. Zama da mutane yana kawo ƙura, ban musa ba. Maganinta shi ne a share kullum, kaɗan-kaɗan, da tuba da gafara.

Ku kuma da Ubangiji ya ba aikin Keziya, iyaye da malamai da dattawan ikilisiya, ku ajiye bokiti. Na ga an so maido da mutum kan hanya da tsawa da tonon asiri a gaban jama'a, ya fita fes, bai kuma sake dawowa ba. Zuciya abu ce mai laushi. A bi ta da haƙuri, da hannu mai sauƙi. Inda ba ka sani ba, kada ka tura hannu, bar wa wanda ya yi ta.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi taɓa ni. Tsohon nan bai fito da firintar don ya ji daga 'yarsa ba. Ya fito da ita ne don ya rabu da ita. Da fushi ya matso, amma ya matso, wannan kuwa ya isa. Wataƙila akwai wani a cikinmu yau wanda ya zo da nufin wannan ce Lahadinsa ta ƙarshe, ya zo ya ce wa Allah, ga kayanka, na gaji da jira. Ɗan'uwa, faɗa masa. Amma kada ka tashi da sauri. Zauna nan kusa da shi kaɗan, ka ji abin da ya daɗe yana aiko maka.