Waya ta Biyu a Cikin Durowa

An yi wani mutum, tela ne, yana da 'ya ɗaya da Allah ya ba basirar wasan ces, darar nan mai sarki da doki. A wayarsa take bugawa ta intanet in ta dawo makaranta. Maki kaɗan ya rage a ɗauke ta gasar ɗalibai, ga ranar rufewa ta matso.

Uban ya kasa haƙuri. Da hantsi, tana aji, sai ya shiga shafin wasan da sunanta. A durowar keken ɗinkinsa, cikin zare da maɓallai, ya ɓoye wata wayar mai manhajar da ba a cin ta. In abokin wasa ya motsa, sai uban ya ja durowa ya kwafa a wayar, na'ura ta ba da amsa, ya dawo ya buga. Mutumin da bai san tafiyar doki ba, ya ci wasa goma sha tara a jere.

Maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya leƙo ya ce, "Maigida, yanzu a durowa ake ɗinki?"

Ya ce, "Allura nake nema."

"Kwana tara? Ai gara ka sayi wata."

Masu kula da wasan suka lura kowane motsi daƙiƙa bakwai yake ɗauka, mai wuya da mai sauƙi. Lokacin jan durowa ke nan. Suka rufe shafin, suka rubuta maguɗi a gaban sunan yarinyar.

Malamarta ta zo shagon ta ce akwai mafita. Da hantsi aka yi wasannin, rajista kuma ta nuna tana aji. "Faɗi wanda wayar ke hannunsa kawai, a wanke ki."

Yarinyar ta dubi ubanta. Shi kuwa tef ɗin awo yake naɗewa.

Ta ce, "Ni na buga, Malama."

Ya ji, ya ci gaba da naɗe tef ɗinsa. Aka cire ta daga masu neman shiga gasar.

Har yau tana gaishe shi, tana kai masa abinci shago. Ba ta sake taɓa wasan ba, shi kuma bai sake iya kallon idonta ba.

Ya 'yan uwa, ni ma uba ne, na san wannan zumuɗin. Amma wane so ne zai sa 'ya ta yi ƙarya don rufa wa ubanta asiri? Ha'inci ko don ɗa aka yi shi, ɗan yake fara ci.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga sharrin hannuwanmu. Amin.