Sunan Munji a Jikin Agogon Rana

Akwai wani mutum a garinmu Safakis na bakin teku, sunansa Shadli. Sana'arsa yi wa alminiyam sulke. Zai tsoma faranti cikin kwamin asid, ya sakar masa lantarki, har ƙarfen ya yi wata baƙar fata mai tauri wadda gishirin teku ba ya ci.

Aikin yana da sharaɗi guda. Dole ruwan kwamin ya zauna da sanyi kamar ƙanƙara tun daga farko har ƙarshe. In ya yi ɗumi, fatar za ta fito tsaf a ido, amma ba ta da ƙwari ko kaɗan.

Shadli gwani ne, wannan ba a musu. Sai dai ji da kai kamar ya kashe shi.

Wata rana ana tsakiyar zafi, wani tsohon masunci mai suna Belgasim ya tsallako daga tsibirin Ƙarƙana, rungume da faranti a cikin tsumma. Agogon rana ne. Shi da kansa ya shekara yana bin inuwa a farfajiyar masallacin ƙauyensu, yana alamar azahar da la'asar, sannan ya kai aka sassaƙa layukan. A ƙasa an rubuta suna ɗaya: Munji.

"Ɗana ne," in ji tsohon. "Teku ta tafi da shi, ko takalminsa ba mu gani ba. Ba shi da kabari. Nan kaɗai sunansa yake a rubuce, kuma duk wanda ya duba lokacin salla zai yi masa addu'a."

Ya miƙa wa Shadli farantin don a yi masa sulke, ya tambaye shi, "Ɗana, zai kai bayan raina?"

Shadli ya yi dariya. "Haba Baba! Har jikokin jikokinka sai sun gaji da ganinsa."

Washegari injin sanyi ya mutu. Mai gyara ya ce sai bayan kwana uku. Shadli kuwa ga wani babban aiki na manyan mutane yana jiran kwamin, so yake ya rabu da farantin tsohon.

Ammar, dattijon ma'aikacin da Shadli ya gada tun zamanin mahaifinsa, ya duba ma'aunin zafi ya girgiza kai.

"Maigida, ruwan nan ya yi ɗumi. Mu jira."

"Kai dai tsufa ya sa maka tsoro. Tsoma!"

"Bakin teku fa za a kafa shi. Shekara biyu ba zai yi ba."

"Shi tsohon shekara biyun zai yi? Ka ga yadda yake numfashi kuwa?"

Wallahi haka ya faɗa. Ammar ya cire safar hannunsa ya ajiye, ya ce ba da hannunsa ba. Shadli ya tsoma da kansa.

Faranti ya fito baƙi wuluk, gwanin sha'awa. Da Belgasim ya zo karɓa sai da ya yi hawaye. Ya riƙe hannun Shadli da hannu biyu yana ta sa masa albarka.

Ba a yi wata biyar ba, Ammar ya shigo da labari cewa tsohon ya rasu.

Tun daga ranar Shadli bai ƙara samun sukuni ba. Akwai wani turken ƙarfe a ƙofar shagonsa. Kullum rana ta take tsaka, inuwar turken ta tattare a gindinsa, sai ya ji tambayar nan a kunnensa sarai, da muryar tsohon da hakinsa: zai kai bayan raina? Ya waiga, ba kowa. Ya sa aka tumɓuke turken. Sai ya koma jin ta a inuwar kansa.

Ya daina cin abincin rana. Matarsa ta yi tambaya har ta gaji.

Da shekara biyu ta cika, ya kasa daurewa. Ya hau jirgin fito zuwa Ƙarƙana bai gaya wa kowa ba.

Ya tarar da agogon a kan ginshiƙi a farfajiyar masallaci. Baƙar fatar ta tashi, farin gari ya fito ko'ina kamar an watsa toka. Layin la'asar ya kusa ɓacewa. Sunan kuwa saura haruffa biyu.

Yana tsaye sai ga wata tsohuwa makauniya tana tafe da sanda. Ba ta nemi jagora ba, kai tsaye ta nufi ginshiƙin, ta ɗora yatsunta daidai kan sunan.

"Waye a nan? Na ji numfashi."

"Baƙo ne, Inna. Daga Safakis. Ni na yi aikin farantin nan."

Fuskarta ta washe. "Shadli! Ni ce Mabruka, uwar Munji. Marhabin, ɗana." Sai kuma muryarta ta karye. "Ka yafe mini. Na ɓata maka aiki."

"Ke, Inna?"

"Ni mana. Kullum sai na zo na shafa sunansa, tunda ba ni da idon gani. Ga shi ina jin yana narkewa a ƙarƙashin yatsuna. Marigayi ya ce ƙarfen ba ya lalacewa, to ka ga hannuna ne. Na yi ƙoƙarin dainawa, na kasa. Ni da kaina nake goge ɗana."

Shadli ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai, har maganar da ya yi a kan numfashin mijinta bai ɓoye ba.



"To," in ji ta. "Ni na yafe, don ka sauke mini kaya. Amma shi fa, har ranar da ya cika yana sa sunanka a addu'a tare da na Munji. Ba ni da hanyar da zan gaya masa."

Shadli ya kwafi layukan kafin su ƙarasa ɓacewa. Ya yi sabon faranti cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, Ammar na tsaye a kan ma'auni. Yau shekara goma sha ɗaya yana nan, ko ƙwarzane babu. Inna Mabruka ta shafe shi safe da yamma har Allah ya karɓi ranta.

Mutane suna yaba aikin. Shi kuwa Shadli har gobe, in rana ta take tsaka, sai ka ga ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi shiru, kamar mai sauraron wani.

Darasi: Ha'incin da ka ɓoye a cikin aiki, wani marar laifi ne zai ɗauke shi a kansa yana zargin kansa. Ka kyautata abin da aka ba ka amana ko mai shi ba zai taɓa ganewa ba, domin aiki yana gyaruwa, amma wanda ya mutu yana yi maka zaton alheri ba ka da inda za ka same shi ka ba shi haƙuri. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani, ko Allah zai sa wani ya jira ruwansa ya yi sanyi.